Mayaudari a Bakin Rumawa

Kalmar Latin da aka fi sani ga mai yaudarar mata ita ce "seductor". Tushenta "seducere", wato jan mutum gefe. A zamanin Cicero, ɗan siyasar Rum mai iya jawabi, babu wata ƙazanta a cikin wannan tushe, domin ko wanda ya ja abokinsa daga cikin taro su yi ƙus-ƙus haka ake faɗa a kansa. Mai lalata matasa kuwa "corruptor" ake kiransa, kuma Cicero ya sa irinsa cikin 'yan koren abokin gabarsa Catilina a jawabansa na shekarar 63 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai a Latin ɗin Kiristoci, kamar fassarar Baibul ta Jerome a ƙarshen ƙarni na 4, "seductor" ta koma mai ɓatar da jama'a, daga baya Faransanci da Ingilishi suka karkatar da ita zuwa harkar mata.

A ganina, kalmar ta kama lamarin daidai inda yake farawa. Kafin daɗin baki ya yi tasiri, sai an raba yarinya da masu sa mata ido. Shari'ar Rum ta gane haka, shi ya sa ta lissafa abubuwa uku cikin cin mutuncin 'ya mace: tare ta da zancen lalata, bin ta a baya a kan titi, da janye mai yi mata rakiya. Na ukun nan shi ne abin lura. Ba a taɓa ta ba, ba a ce mata uffan ba, an dai bar ta ita kaɗai, amma doka ta ce an yi laifi. Uwar da ke tura ƙanwa ta zauna kusa idan yayarta ta fita zance ba ta bukatar a yi mata bayani.

Wani zai ce wannan doka martabar uba da miji take karewa, ba yarinyar ba. Yana da hujja. Masanin shari'a Ulpian ya ce laifin yana raguwa idan matar na sanye da kayan bayi ko na karuwai, kuma dokar Sarki Augustus ta shekarar 18 kafin haihuwar Annabi Isa ta tanadi korar matar da ta yi zina zuwa tsibiri tare da ƙwace rabin dukiyar aurenta. Wannan zalunci ne, ban kuma yi masa kwaskwarima ba. Sai dai kuskuren Rum yana wajen zaɓen wadda ta cancanci kariya, ba wajen gane yadda mayaudari ke aiki ba. Kuyanga ba ta da mai rakiyar da za a janye, tun farko a gefe take, ita ce kuma aka fi cuta.