Dusa ba iri ɗaya ba ce

Ƴan'uwa manoma da matan gida, a wannan wata zancenmu kan dusa ne, wadda ake bakacewa bayan surfe a zuba wa awaki.

Ƙwayar hatsi, ko dawa, ko alkama, riguna gare ta, wata bisa wata kamar albasa. Ta waje ɓawo ce mai tauri, amfaninta sauƙaƙa bayan gida. Ƙarƙashinta akwai wata siririya, ita ke sa bauri ga wasu irin jar dawa. Ta uku, wadda masana ke ce wa aluron, tana manne da farin garin ciki. Nan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin B suka taru.

A Faransa, masu binciken aikin gona na Mompeliye sun ɓare ƙwayar alkama da hannu, riga bayan riga, suka auna abin da kowace ta ƙunsa. Tsakanin 2005 da 2010, cikin shirin HEALTHGRAIN na ƙasashen Turai, sun niƙa dusa lilis, suka ware aluron daga ɓawo da ƙarfin lantarki. Ga alkama, aluron shi ne kusan rabin dusar.

Mu turmi gare mu, taɓarya kuwa ba ta zaɓe. In an tsananta surfe don hura ta yi fari fat, riga ta uku ta bi dusa: akuya ta yi ƙiba, mai ciki na fama da ƙarancin jini. To, a sassauta. Ɓawo na fita, a tsaya, ko da tuwo bai yi farin da baƙo zai yaba ba.