Ƙofar Kabad Da Gargadar Hanya

 A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar makaranta da tarbiyyar yara, mu taɓa wani al'amari wanda wasu za su ga bai kai a ɓata masa takarda ba, alhali kuwa ya sha haddasa ɓacin rai a zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku. Al'amarin kuwa shi ne ƙofar kabad, irin wadda ake turawa gefe, da yadda za ta isa gida lafiya idan an ɗora kabad ɗin a mota.

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya ranar jere ya san matsayin kabad ko shokes. A cikinsa ake jera tangaran da samiru da kofuna, kuma shi ne abin da ido ke fara sauka a kai. Uwa takan yi shekaru tana zubin adashi kafin ta haɗa kuɗinsa. Sau da yawa ba a gari ake yinsa ba, daga Tamale ake kawo shi, ko daga Kumasi wajen kafintocin da aka sani da na Anloga, waɗanda aka mayar da su Sokoban a 2009. Sai ga shi ranar da mota ta iso, an kwance igiya, an yaye tamfol, a tarar gilashin ƙofa ya zama gutsattsari a cikin kabad. Daga nan sai cacar baki: dangin amarya su ce direba ne, direba ya ce kafinta ne, kafinta kuwa yana can nesa bai ma san ana yi ba. Wasu tsofaffi har sukan ɗauki fashewar gilashin a matsayin mugun nuni ga auren, wanda wannan camfi ne kawai, amma dai yakan bar amarya da kuka a ranar da ya kamata ta yi dariya. Mu malaman makaranta da sauran ma'aikata, waɗanda ake yi wa canjin wurin aiki daga wannan gunduma zuwa waccan, mu ma abin ya shafe mu, don kabad ɗin littattafai ba ya da bambanci da na tangaran idan an hau hanya.

Kafin mu zargi kowa, mu fara duba irin tafiyar da kayan ke yi. Mai zuwa Salaga daga Kumasi ta tsohuwar hanya zai haura tsaunin Mampong, ya wuce Ejura da Atebubu, ya isa Yeji. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965 tafkin Volta ya shiga tsakani, dole mota ta hau jirgin fito zuwa Makango, kuma wurin hawa da sauka jirgin nan mota takan karkace, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Mai zuwa Bawku kuwa zai bi Techiman da Kintampo da Buipe zuwa Tamale, wajen kilomita 380, sa'an nan Walewale da Bolgatanga, kafin ya karya ta Zebilla. Ko inda kwalta take sumul, akwai tudun rage gudu da ake ginawa a tsakiyar titi, ƙauye bayan ƙauye. Wanda kuma ya taso daga Yendi ta Gushegu sai ya gangara tsaunin Nakpanduri kafin ya ga Bawku. Ba mu ma yi maganar hanyoyin burji na ƙauyuka ba, masu gargada kamar bayan kwanon rufi.

To, me ke faruwa da ƙofar a cikin wannan tafiya? A nan ne muke so mai karatu ya tsaya ya lura da kyau. Ƙofar turawa ba ta da hinji ko ƙusa da ke riƙe ta. Tana zaune ne kawai cikin kwarmi, wato 'yar hanyar da aka fafe a katako, ko ta roba ko ta alminiyam da aka kafa sama da ƙasa. Kafinta da gangan yake yin kwarmin sama ya fi na ƙasa zurfi, domin ta haka ake sa ƙofar: a cusa kanta sama, a daidaita gindinta, a sake ta ta zauna a kwarmin ƙasa. Ke nan kullum akwai rata a saman ƙofar. Idan mota ta faɗa rami ko ta hau tudu da gudu, kabad ya yi sama ya dawo, ƙofar ma ta yi tsalle cikin wannan ratar, gindinta ya fita daga kwarmin ƙasa wanda zurfinsa bai wuce 'yan milimita ba. Wato yadda kafinta ya sa ta, haka rami ke cire ta. Igiya goma da aka ɗaure kabad da su ba su san da wannan ratar ba.

Sai kuma birki. Abin da muke koya wa yara a darasin kimiyya ke nan, cewa abu mai tafiya yakan ci gaba da tafiyarsa har sai wani abu ya tare shi. Direba ya taka birki, mota ta tsaya, kabad ya tsaya tare da ita don an ɗaure shi, amma ƙofar ta ci gaba da zamiya sai ta daki bangon kabad. Kada a raina nauyinta. Gilashi mai kaurin milimita 5, in tsawonsa mita ɗaya ne faɗinsa ma mita ɗaya, nauyinsa kilo 12 da rabi ne. Gilashi kuwa ta bakinsa ya fi rauni. Ƙaramin ɓantare a gefe ya isa ya zama tsaga daga sama har ƙasa bayan awa guda a kan gargada.

Akwai kuma ɓarnar da ƙwazo ke jawowa. Yaron mota ya haye kan kaya, ya ja igiya da iya ƙarfinsa har kabad ya murɗe, kwarmi ya matse gilashi. In uwar amarya ta yi magana sai ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, mun saba." Ita kuma don kunya sai ta ce, "To ɗana, Allah Ya kai ku lafiya." Gaskiya ne sun saba, amma da buhunan masara da doya suka saba.

Shawararmu ta farko, wadda ta fi kowace sauƙi, ita ce a cire gilashin gaba ɗaya. Ɗaga shi za a yi sama a jawo gindinsa waje, aikin minti biyu. A rubuta masa lamba da alli don a san na ciki da na waje. A sa kwali tsakanin gilashi da ɗan'uwansa, a naɗe da bargo ko tsohon zane, a ɗaure. Sa'an nan a tsayar da shi a kan bakinsa, kada a kwantar da shi. Gilashin da aka kwantar tsakiyarsa ke lanƙwasawa a kowane rami, shi ya sa masu sayar da gilashi a tsaye suke ɗaukarsa, a jingine. Wurin da ya fi dacewa shi ne tsakanin katifu biyu, ko a gaban mota kusa da mai rakiyar kaya. Kantocin gilashi na cikin kabad su ma a fitar da su. Tangaran da kofuna kuwa kada a bar ko ɗaya a ciki da sunan rage kaya, domin su ne ke tura ƙofa daga ciki.

Idan ƙofar ta katako ce ko ta filawud, ko kuma irin ta alminiyam mai 'yan tayoyi wadda cire ta ke da wuya, sai a bar ta a wurinta amma a hana ta motsi ta fuska biyu. Da farko a toshe ratar sama: a ninka kwali ko guntun robar tif, a cusa tsakanin kan ƙofar da rufin kwarmi, a kusurwa biyu, har sai an ɗaga ƙofar da hannu ta ƙi ɗaguwa. Na biyu a rufe ƙofofin, a yanko sanda daidai tsawon filin da ya rage a kwarmin ƙasa, a kwantar da ita ciki, yadda ƙofar ba ta da inda za ta zame. Bayan haka a rufa kwali a fuskar kabad, a zagaye shi da robar tif irin wadda ake ɗaure kaya a bayan keke. Roba ta fi igiya a nan, don tana riƙewa ba tare da ta murɗe katako ba. In da hali a jingina bayan kabad da kan mota, a shimfiɗa tabarma ko soso a ƙarƙashinsa, a sa kwali a duk inda igiya za ta bi ta kusurwa.

Muna ganin wasu suna manna salatef a gicciye a kan gilashi. Wannan ba ya hana fashewa, iyakarsa ya riƙe wasu gutsattsarin, kuma in rana ta dake shi sai ya bar danƙo ko ya ɗaye fenti. Haka shi ma makullin shokes mai haƙora kamar zarto: yana hana ƙofa zamewa, yana hana ɓarawo, amma bai hana ta tsalle.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu fataken Gwanja, waɗanda suka cika kasuwar Salaga kafin Turawan Ingila su ci Kumasi a 1874 da kuma yaƙin basasar Salaga na 1892, sukan ɗauki goro a kan jakai su yi watanni a hanya kafin su kai Kano ko Sakkwato. Goro kuwa abu ne mai saurin jin ciwo. Dabararsu ita ce huhu: a jera goro cikin ganye a cike kowane gurbi, yadda ɗaya ba zai goga ɗan'uwansa ba komai rawar jaki. A Amurka ma, inda mutane ke da ɗakunan kwana masu taya da ake ja da mota zuwa yawon hutu, ƙofofin turawa na ma'ajin tufafinsu da madubi a jiki suke, kuma ana sa musu maɗauri mai maɓalli ko 'yar sakata, a ɗaure kafin a tashi.

Wannan ya kawo mu ga waɗanda kabad ɗinsu kullum a hanya yake, kamar masu sayar da burodi ko turare ko kayan waya a akwatin gilashi bisa babur mai ƙafa uku, masu bin kasuwar Bawku da ke ci duk bayan kwana uku da kasuwannin kewaye. Su ba za su iya cire gilashi kowace safiya ba, gyara na dindindin suke bukata. A sa kafinta ya ɗaura ɗan guntun katako da sukuru a cikin kwarmin sama, daidai inda ƙofa ke tsayawa in an rufe, don ya cinye ratar. In ƙofofin suna da firam, a huda rami ɗaya ya ratsa su biyun a inda suka haɗu, a riƙa zura ƙusa, a ɗaure ƙusar da zare don kada ta ɓata. Wanda ke da hali ya musanya gilashin da farar roba mai kama da shi, wadda nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, ko da yake takan karce da sauri. Dalili kuwa shi ne gilashin da muke saye a kasuwa in ya fashe dogayen tsinaye yake yi kamar wuƙa, kuma yara ne ke kewaye irin waɗannan akwatuna.

Iyaye kuma, musamman yanzu da bukukuwa ke taruwa kafin azumi da bayan salla, a daure a gama magana da direba tun a tasha, a gaban shaida: wa zai cire gilashi, wa zai riƙe shi, wa zai biya in ya fashe. A tura namiji ɗaya daga cikin dangi ya raka kayan, ya duba igiya da roba a duk inda aka tsaya, musamman bayan an sauka daga jirgi a Makango ko an gangaro Nakpanduri.

In an isa, kada a yi gaggawar mayar da gilashi. A fara ajiye kabad a inda zai zauna, a girgiza shi a gani. In yana rawa a sa ɗan katako a ƙarƙashin ƙafar da ba ta taɓa ƙasa, domin daɓen ɗakunanmu ba safai yake miƙe ba, kuma kabad da ya karkace ƙofarsa cijewa take yi. A share ƙurar hanya daga kwarmi, a goga masa ɗan kyandir. Gilashin ciki ake fara sawa, sa'an nan na waje.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.