Garin gyaran gira

A Amurka akwai mutanen da ke ƙarar da dukiya da shekaru wajen farfaɗo da tsofaffin motocin gudu irin su Corvette da Mustang. Ba wanda zai zargi mai ceto mota daga bakin tsatsa. Abin zargi shi ne aƙidar da ta mamaye wannan sha'awa, wadda ke cewa mota ba ta cika ba sai ta fi ranar da ta fito daga masana'anta ƙyalli. Sai a kankare fenti na asali, a yaye fatar kujeru, a canja kowane ƙusa, sannan a kulle ta a ɗaki, a riƙa kai ta wurin baje koli bisa bayan wata motar don kada ƙura ta taɓa ta. Abin da aka ƙera domin hanya ya koma kayan jere. Garin gyaran gira an rasa ido.

Corvette ta 1963 ta isa shaida. A wannan shekara kaɗai aka raba gilashinta na baya gida biyu da wani ginshiƙi a tsakiya. Direbobi suka yi kukan yana tare musu gani, har wasu suka sa aka yanke shi domin motarsu ta yi kama da ta 1964. Su ma gyara suka ɗauka suna yi. Yanzu wadda ba a taɓa ba ita ake rububi.

Masu wannan aƙida kan ce kasuwa ce ke son ƙyalli. To, kasuwar ma ta ƙaryata su. Koren Mustang da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968 an sayar da ita a Florida cikin Janairun 2020 kan dala miliyan 3.74, da tsatsarta da dusashen fentinta.

A Fabrairun 2014 ƙasa ta rufta a gidan tarihin Corvette na Bowling Green, jihar Kentucky, ta haɗiye motoci 8. Uku kawai aka gyara. Cikinsu har da Corvette ta cikon miliyan ɗaya, ƙirar 1992, wadda da aka kwance ta aka tarar ma'aikatan da suka haɗa ta sun sa hannu a jikin sassanta na ciki. Makanikai suka ƙi musanya mafi yawan waɗannan sassa, suka yi ta lallaɓa su, domin sabon ƙarfe ba ya zuwa da sunan kowa. Sauran biyar ɗin kuwa aka baje su ga masu ziyara yadda ramin ya murƙushe su.