INA TAKARDAR GWAJIN?

Jama'a, ku da kuke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, akwai wanda ya taɓa ganin an sayi sa a kara ba a buɗe bakinsa an duba haƙora ba? Sai an tashe shi, an kora shi ya taka, an dubi kofato, kana a yi maganar kuɗi. To, yau dukiyar talaka ba a lalita take tafiya ba. Daga na'urar POS take tashi zuwa ƙarfen sabis, daga nan ta bi wasu manyan na'urori masu rarraba saƙo har ta kai banki. Waɗannan su ne jakunan da ke ɗauke da kuɗinmu. Muna tambaya, wa ya duba haƙoransu, kuma ina takardar abin da ya gani?

Kada wani ya ce mana ba a iya gwada su. Sana'a ce mai zaman kanta. Masu gwajin ba lallaɓa na'ura suke yi ba, da gangan suke gallaza mata. Su aika mata gurɓatattun saƙonni dubbai a jere, wani an datse masa wutsiya, wani ya wuce kima tsawo, wani an hautsina shi. Su lafta mata kaya fiye da ƙarfinta, su ɗauke mata wuta su mayar. Duk faɗuwar da ta yi sai a rubuta: ga saƙon da ya kayar da ita, ga lokacin, ko ta farfaɗo da kanta ko sai da aka sa mata hannu. A ajiye saƙon nan don mai gyara ya maimaita ya gani da idonsa, in ya ce ya gyara a sake buga mata shi. Wannan rubutun shi ne rahoton gwaji, in babu shi kuwa an yi wahalar banza.

Ga abin da rahoto ya taɓa yi. Masana a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finlan sun yi wa na'urorin sadarwa irin wannan gwaji, suka tarar na kamfanoni masu yawa suna sumewa in an jefa musu saƙon da bai daidaita ba. Ba su rufe a aljihun tebur ba. A watan Fabrairun 2002 wata cibiyar tsaron kwamfuta ta Amurka mai suna CERT ta fito da gargaɗi ga duniya, ga sunayen kamfanoni, ga amsar da suka bayar. Kowa ya san na wa ke ɗingishi, masu ƙera su kuma suka duƙufa gyara.

Mu dawo gida. Dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, aikin amincewa da irin na'urorin da za a yi amfani da su, da sa ido kan ingancin sabis. A watan Mayun 2012 ta ci manyan kamfanonin waya huɗu tarar naira biliyan 1.17 saboda rashin ingancin sabis. Ba a cin tara sai an auna. Ashe mudun yana nan! Amma abin da aka auno da Turanci ake rubuta shi, a intanet ake sa shi, wato wurin da ba ka kaiwa sai sabis ya yi kyau. Haba! Mai riɗi na Gagarawa ta yaya zai san abin da ke ciki?

Ba mu manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da tsaba ta ɓace aka ce kowa ya koma taransifa. Mun ga mai rago riƙe da igiya, mai saye riƙe da waya, kuɗi sun fita nan ba su isa can ba har aka kira magariba. Wasu suka karyar da dabbobinsu ga duk mai tsaba a hannu, suka koma ƙauye da asara. In an gwada ko hanyoyin za su ɗauki jama'ar ƙasa gaba ɗaya, ina rahoton? In ba a gwada ba, da wane ƙarfin hali aka tura talaka kan gadar da ba a taka ba? Sai ga shi a Janairun 2025 an yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, aka ce sabis zai gyaru. Mun biya. A nuna mana awo.

Kuma gwajin da muke nufi ba na ɗaki mai sanyi kaɗai ba ne. A gwada cikin zafin bazara da ƙurar hunturu, a gwada ran Alhamis da azahar sa'ad da kowa ya ɗaga waya lokaci guda. A fitar da sakamakon Gumel dabam, na Maigatari dabam, na Gagarawa da Sule Tankarkar kowa dabam, kada a zuba mu tukunya ɗaya da Dutse da Kano a ce miya ta yi daɗi. A juya shi da Hausa, a karanta a rediyo, a manna a bakin kasuwa, don mai shago ya san layin da zai riƙe, mu kuma mu san abin da za mu tsare wakilinmu da shi in ya zo gida.

Za su ce tona raunin na'ura buɗe wa ɓarayi ƙofa ne. Mutanen Oulu ma sun san haka, shi ya sa aka fara sanar da masu ƙera na'urorin a asirce, aka ba su lokacin gyara, sannan aka gaya wa duniya. Ba makullin muke nema ba, so muke a ce mana ga wadda ta faɗi, ga ranar da aka gyara ta.

Kafin su motsa, 'yan'uwa, mu fara namu. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta sayi littafi guda, ta ba yaro mai iya rubutu. Duk ran kasuwa ya rubuta ƙarfe nawa sabis ya ɗauke, ƙarfe nawa ya dawo, kuɗin mutum nawa suka maƙale, kwana nawa suka yi kafin su fito. In wata uku ya cika a kawo mana, za mu buga shi a wannan shafi.