Maganin ciwon damuwa: wurinsa gidan likita ne, ba faifan talla ba

Ciwon damuwa cuta ce kamar sauran cututtuka. Mai fama da shi yakan rasa barci, abinci ya fita ransa, noma da kiwo su gagare shi makonni da dama. A gundumomin Magarya da Dungas sau da yawa akan ce sammu ne ko iskoki, har a makara wajen zuwa likita.

Alhali kuwa akwai magani. Iri biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya: amitriptyline, da kuma fluoxetine wanda Amurka ta amince da shi a 1987. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai, kamar serotonin. Ƙwayoyin nan suna hana jijiya saurin janye sinadarin, don ya daɗe yana aiki. Sauƙi ba ya zuwa dare ɗaya, sai bayan mako 2 zuwa 6. In an warke, ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, sannan a rage sannu sannu. Wanda ya daina farat ɗaya yakan gamu da jiri da rashin barci, ko cutar ta komo.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Amitriptyline yana busar da baki, yana kawo kasala. In an zarce ƙima yana rikita bugun zuciya har ya yi kisa. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna iya ƙara wa yara da matasa tunanin kashe kai a farkon sha. Haɗa su da tramol kuwa yana iya jawo zazzaɓi, ruɗewa da jijjiga.

Nan ne abin tsoro yake, domin gundumomin biyu suna bakin iyakar Nijeriya, kuma ranar kasuwa ƴan talla suna sayar da ƙwayoyi barkatai ba takardar lokotoro. Mai talla bai san ƙima ba, bai san lafiyar zuciyar mai saye ba.

Saboda haka wajibi ne hukuma ta wadata gidajen likita da maganin, ta horar da ma'aikatansu, ta kuma tsawata wa ƴan talla. Su ko waɗanda suka yi yaƙi da jahilci, haƙƙinsu ne su karanta wa dangi takardar lokotoro, su ɓoye ƙwayoyi daga yara, su mayar da maras lafiya likita da zarar halinsa ya sake. Rigakafi ya fi magani.