Daga Bakin Rumfa: Kyamara Biyu, Adashe Ɗaya

Wannan makon ba zancen kwastan ko canjin kuɗi zan yi ba. Wata 'yar rigima ce ta cikin gida na kawo muku, don na san ba gidana kaɗai za ta leƙa ba.

Daga wata shadda abin ya faro. Wata hajiya a Maraɗi, wadda muka daɗe muna ciniki, ta ga hoton da na tura mata ta WhatsApp daga nan Kwatano, ta ce a sa mata bandir biyu na ankon bikin 'yarta. Kaya suka isa, sai ga kira. Ita ruwan toka ta gani a waya, abin da ya iso kuma ya fi kusa da shuɗi. Ban yi mata gardama ba, don da na kara wayar kusa da ragowar yadin ni ma na ga bambancin. Kuɗin mota zuwa da dawowa ni na biya, kunyar kuwa ba a maganarta. Waya ita ke yanke wa kanta hukunci, ta ƙara haske, ta gyara launi yadda ta ga ya fi kyau, ga shadda da ma ƙyallinta na rikita ido.

Da daddare ina ba da labari, sai 'yata da ta gama sakandare bana ta ce, "Baba, a sayi kyamara mana, ni zan riƙa ɗaukar kayan shago. In hannuna ya faɗa, har kamu da walimar mata sai in riƙa ɗauka." Maganar nan ta biyu ce ta sa na yi shiru. Duk mazaunin zango ya san matsalar: taro na mata zalla, an ci ado an ajiye mayafi, amma mai hoton namiji ne saboda babu macen da ta iya. Uwargida ta ce kwasar adashenta ta kusa, za ta ba da rance, ni in cika. Kun ga ke nan kuɗin ba na wasa ba ne, bashi ne a wuyan yarinya tun kafin ta danna hoto ɗaya.

Nan fa aka rabu biyu. Yayanta, wanda abokansa ke ɗaukar biki, ya kafe a kan Sony a6400. Ita kuma ta gama kallace-kallacenta a YouTube ta ce Canon EOS R50 take so. Dukkansu marasa madubi ne. Ga wanda bai sani ba, manyan kyamarorin da muka saba gani a hannun masu hoto akwai ɗan madubi a cikinsu, shi ke karkato da hoto zuwa tagar da ake leƙawa, in an danna ya ɗaga. Waɗannan an cire shi. Haske na faɗawa kai tsaye kan farantin da ke kama hoto, don haka abin da ka gani a allo shi zai fito, da haskensa da launinsa. Ga mai sayar da yadi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A takarda kusan tagwaye ne. Kowacce megafiksel 24 ce, farantinsu kusan girma ɗaya, kowacce na ɗaukar bidiyo 4K, kowacce na bin idon mutum da kanta, kuma babu mai maganin rawar hannu a cikin jikinta sai dai a gilashin da aka ɗaura mata. Sony ta fito a 2019 a kan dala 900, Canon a 2023 a kan dala 680, jiki kawai ban da gilashi. Dalar Amurka nake nufi, kada mutanen Damagaram su ɗauka dalar sefa ce su taho da jika biyar. Nauyi ma ba wata tazara: giram 403 da giram 375.

Gaskiya ni zuciyata Sony ta fi kwanta wa. Jikinta akwai ƙarfe, an ɗan tsare ta daga ƙura da danshi, kuma kowane irin fawa banki na iya yi mata caji, ita kuwa Canon in ta waya za a yi mata sai mai ƙarfin nan da aka rubuta PD a jikinsa. Ɗan kasuwa ai abin da zai jure faɗuwa yake fara dubawa.

Da gardama ta ƙi ƙarewa sai na kwashe su muka je wurin wani dattijo mai hoto a unguwar Zongo, wanda shi ya ɗauki hoton aurena. Ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, duk kun tsaya kan doki, ba wanda ya tambayi sirdi da ciyawa." Wato gilashi da batir da fitila.

A nan ya fara ba yaron gaskiya. Bakin da ake ɗaura wa Sony gilashi tun 2010 yake, kamfanoni irin su Sigma da Tamron da Viltrox sun daɗe suna yi masa gilasai, sababbi da na hannu ga su nan birjik, da arha. Bakin Canon na marasa madubi a 2018 ya zo, kuma sai a 2024 Sigma da Tamron suka samu izinin yi wa irin su R50 gilashi. Ya ƙara da zancen filasha. Mazaunin filashar R50 sabon samfuri ne, ba shi da ɗan ƙarfen nan na tsakiya, don haka tsohuwar filasha ba ta tashi a kansa sai an sayi wani ɗan adafta mai suna AD-E1. Sony kuwa filasha ta gama-gari na hawa kanta ta yi aiki. Mai bikin dare, in ji shi, dole ya yi lissafin wannan. Yaro sai murmushi yake yana kallon ƙanwarsa.

Sai dattijon ya jawo wata tsohuwar jaka ya zazzage. Gilasan Canon ne na zamanin madubi, har da ɗan ƙaramin nan mai milimita 50 da ke buɗewa har f/1.8, wanda ke fito da fuska tar ya narkar da bayanta. Ya ce da adafta guda, EF-EOS R, duk suna aiki a kan R50 kamar don ita aka yi su. Yawancin masu hoton da na sani a garin nan Canon suka taso da ita, ke nan in gilashi ya fashe ana gobe biki akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Batirinta ma, LP-E17, shi ne na 250D da 800D, ba baƙo ba ne a kasuwa. Sai dai ya ja kunne: wanda ba na asali ba sau da yawa ba ya nuna sauran cajin da ke ciki, kana tsakiyar aiki sai ɗif.

Ya juya wurin yarinyar ya ce, "'Yata, je ki riƙe kowacce a hannu tukuna. In kin zaɓi Canon, wannan hamsin ɗin aro ne har ki sayi naki."

Haka aka yi. Abokin yayanta ya kawo tasa Sony, muka samu R50 a wani shago, na tafi da guntun shaddar nan da ta jawo mini magana. Abin da takarda ba ta faɗa ba nan ya fito. Allon Sony sama da ƙasa kawai yake karkata, kuma taɓa shi ba ya shiga da kai cikin saiti, sai ka bi maɓallai, ga jerin saitin da yawa kamar layin biza. Allon Canon yana buɗewa gefe ya juya duk inda kake so, komai da yatsa ake yi kamar waya. Ta shimfiɗa yadin a ƙasa, ta ɗaga kyamarar sama da kanta, ta karkato allon tana ganin abin da take ɗauka ba tare da ta hau kujera ba. Akwai kuma wani saitin bidiyo da in ka miƙo kaya kusa da gilashi sai ta bar fuskarka ta koma kan kayan, in ka janye ta dawo. Da na ga zaren shaddar ya fito ɗaya bayan ɗaya a allo, ni da kaina na san an gama magana. Minti goma ta yi da Canon tana dariya. Da Sony kuwa sai "Yaya, ina ake shiga nan?" take yi.

Ba na cewa Sony ta kasa. Da yaron ne zai riƙe, yana yawon bikin dare a bayan zemijan, da filasha da gilashi uku a jaka, wallahi ita zan saya. Amma ba shi zai riƙe ba, kuma ba shi zai biya bashin ba.

Ga masu niyyar sayen ta hannu, dattijon ya koya mana abin dubawa. A nemi sanin sau nawa aka danna ta. A tsuke gilashi zuwa f/16 a ɗauki farin bango, duk dattin da ke kan faranti zai fito ɗigo-ɗigo. A kuma shiga saitin harshe a gani da ido, don Sony da aka yi wa kasuwar cikin Japan yawanci Japananci kaɗai take ji, ba Faransanci ba Turanci.

Mun sayi R50 da ɗan gilashinta na kwali mai 18-45, da adafta, da batir na biyu, da ƙafa uku. Sai ga shi hotunan farko a shago sun fito ruwan toka ya koma ruwan ƙasa! Na ce shi ke nan, adashen Hajiya ya tafi. Ashe ƙwan fitilar shagon ne mai ja-ja. Dattijon ya zo da farar takarda, ya sa ta ɗauke ta a cikin hasken wurin, ta gaya wa kyamara cewa wannan shi ne fari. Nan take launi ya dawo daidai. Yanzu da safe take ɗauka, a inuwar bakin rumfa, kafin rana ta yi tsaka. Ya kuma hana ta canza gilashi a fili in hunturu ya shigo, tunda babu madubin da zai tare ƙura, ya ce ta riƙa kifa bakin kyamarar ƙasa. Mu na bakin teku kuma namu ciwon danshi ne, fumfuna na tsirowa cikin gilashi, don haka a roba mai murfi take kwana, tare da 'yan ƙulle-ƙullen shan danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Ta ɗauki kamu biyu zuwa yanzu, uwarta na raka ta, an kuma kai kason farko na bashi. Yayanta ya ce yana tara nasa, Sony zai saya ko da shekara za ta kai shi.

Hajiyar Maraɗi kuwa na tura mata sababbin hotuna ranar Laraba, har da bidiyon yadin a hasken safe. Alamar shuɗi biyu ta fito tun a daren. Har yanzu ba ta ce komai ba.