An Sayar da Gero, An Sayo Handawut

Wayar da ake haɗa kwamfutoci da ita silli takwas ne a cikinta, kowanne da launinsa, kuma akwai yadda ake jera su kafin a matse su a cikin kan wayar. Yini guda ya isa a koya wa yaro wannan. To, a tara matasa goma da suka gama difloma a fannin kwamfuta daga Ɗambatta ko Makoɗa ko Kunchi ko Tsanyawa, a miƙa musu waya da filaya, a ga mutum nawa ne ba za su fara sosa ƙeya ba.

Kada wanda ya ɗora wa yaran laifi. Laifin yana wuyan waɗanda suka karɓi kuɗin makaranta, suka karɓi kuɗin firaktikal, sannan suka yi shekara biyu suna zana rauta, wato na'urar haɗa sadarwar kwamfutoci, a kan allo.

Jama'a, ku san daga inda kuɗin nan ya fito. A arewacin Kano gona ba ta ƙaruwa, magada ne ke ƙaruwa. Abin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun yanyanka shi, kowa da ɗan ƙiris ɗinsa, ga taki ya yi tsada. Uba ya duba ya ga gonar ba za ta ɗauki 'ya'yansa duka ba, sai ya ware ɗaya ya ce ya tafi ya koyo kwamfuta, tunda an ce can duniya ta nufa. Ya auna gero da wake ya kai kasuwa. Uwa ta ba da akuyarta. Kuɗin nan da zufa a jikinsu.

Me yaro ya tarar a can? Handawut. Malam ya kwafo daga intanet, ya buga, ya sa farashi, wanda bai saya ba kuma ya san sauran. A haddace matakai bakwai na tafiyar saƙo tsakanin kwamfutoci, a zuba a takardar jarrabawa, a manta. Ɗalibi ya iya rattabo ma'anar adireshin IP kamar karatun sallah, amma a ce ya sa wa kwamfutoci biyu adireshi su ga juna, sai ido ya raina fata. Wa ya taɓa koyon huɗa a kan allo?

Ɗakin gwaji kuwa yana nan, da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Mabuɗi yana hannun wani jami'i da ba ya zama. In an yi magana a ce babu wuta, in wuta ta zo a ce babu man janareta na gobe, in an samu mai a ce ana tsoron kada ɗalibai su lalata kayan. Wai a sayi kaya domin ɗalibai, sannan a ɓoye su saboda ɗalibai!

Amma bari a ji masu tantance kwasa-kwasai suna tafe. Nan da nan za a share ɗakin, a yi fenti, a aro kwamfutoci da rauta daga shagunan birni, a jera su reras. Baƙi su zaga, a ci kaji, a sa hannu. Kafin motarsu ta kai Kwanar Dangora an mayar wa masu kaya kayansu. Wanda ya aro ya san ƙarya ce, wanda ya duba ma ba yaro ba ne. Da wace fuska mutum zai shirya wannan, sannan ya hau mumbari ranar yaye ɗalibai yana yi musu nasiha a kan riƙon amana?

A farkon 2024 hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ta raba babbar diflomar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki shi ne haɗa sadarwar kwamfutoci da ajiyar bayanai ta intanet. Manufar ita ce ɗalibi ya fito da sana'a guda da ya riƙe da kyau. Madalla. Sai dai canza sunan kwas abu ne mai sauƙi, ana yin sa a kan takarda cikin mako guda. Malamin da rabonsa da taɓa na'urar suwic tun yana ɗalibi, wa ya mayar da shi horo?

Haka zancen SIWES, wato watannin da ake tura ɗalibi koyon aiki. A turo yaro ofishin da babu abin da ya haɗa shi da sadarwa, ya ƙare da sayo wa ma'aikata abinci da yin fotokwafi. Wani ma gida zai koma ya yi damina. Ƙarshen wa'adi a cika littafin rahoto a dare ɗaya, a buga hatimi, malamin da ya kamata ya je dubawa ya karɓi alawus ɗinsa yana zaune.

Kuma kada a ce mana babu aikin yi. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya, kowace cibiyar jarrabawa kuwa ɗaruruwan kwamfutoci ne a haɗe da uwar garke, in haɗin ya tsinke jarrabawa ta tsaya. Ga asibitoci, ga bankuna, ga sakatariyoyin ƙananan hukumomi, ga 'yan kasuwar Dawanau da ke ciniki da ƙasashen waje, ga turakun kamfanonin waya a bakin gonaki. Duk suna neman mai hannu. In abu ya lalace a Bichi, daga birni ake kiran mai gyara, wani lokaci daga Legas, alhali ga masu difloma a garin suna zaune a rumfar cajin waya ko suna riƙe da na'urar POS.

Abin takaici, yaron da bai wuce sakandare ba, ya yi shekara biyu yana yi wa ubangida hidima a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut, sau da yawa ya fi mai takardar sanin makamar aiki. Shi ya taɓa, ya ɓata, an yi masa faɗa, ya gyara.

Uzurin rashin kuɗi ma ya tsufa. Manhajar Packet Tracer ta kamfanin Cisco kyauta ce, ɗalibi zai iya gina sadarwar gari guda a cikin kwamfuta ɗaya ya gwada ta. Tsofaffin rauta da suwic suna nan a kasuwa da araha, haka ma nadin waya da filaya. Kuɗin firaktikal na aji ɗaya ya isa a saya, har a haɗa da ɗan sola. In ba a saya ba, ina kuɗin suka shiga?

Su ma wakilanmu da ke raba kwamfutoci ana ɗaukar hoto, su faɗa mana ko sun taɓa komawa makarantar bayan wata shida su ga ko an kunna ko guda.

Iyaye, ku ma da sauran aiki a gabanku. Wanda zai sayi sa a kasuwa ba ya biya sai ya zagaya shi, amma a biya kuɗin shekara biyu ba tare da an leƙa makarantar ba. Ku je. Ku ce a buɗe muku ɗakin gwaji a ranar da ba a san da zuwanku ba. Ku tambayi sau nawa a mako ɗalibai ke shiga, kuma mutum nawa ke kan kwamfuta ɗaya. In ɗanku ya zo hutu, ku kai shi wurin mai shagon intanet na garinku, a ba shi waya ya matse a gabanku. In ya kasa, ku haɗu da sauran iyaye ku tafi ofishin shugaban makarantar da rasit ɗin kuɗin firaktikal a hannu.